Ƙibar Yara: A Cikin Gida Ake Dafa Ta

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar wata makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna ko Abuja da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, zai ga abin da ba a saba gani ba shekaru talatin da suka wuce. Zai ga ana sauke yara daga motoci da Adaidaita Sahu, kowanne da kwandon abincinsa, kuma a cikinsu ba za a rasa ɗan shekara bakwai ko takwas da wuyansa ya nutse cikin kafaɗunsa ba, wanda kafin ya taka daga mota zuwa aji ya fara haki. In aka leƙa kwandon nasa za a tarar da indomi da soyayyen ƙwai, da lemon kwali, da biskit, ga kuma kuɗin tara a aljihu. Masu wucewa su ce, "Tubarkalla, wannan ɗan hutu ne." Uban kuwa ya ji daɗi a ransa, don a ganinsa jikin yaron shaida ce cewa ya tsaya wa iyalinsa.

Babu shakka wani ɗan uwa mai karatu zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? A ƙasar da tamowa ke kashe yara, wa ke da lokacin zancen ƙiba? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma bai kamata a kauce mata ba. Babban binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma ma abin ya haura rabi, alhali waɗanda nauyinsu ya wuce ƙima kashi 2 ne kacal. To amma shi wannan binciken dai ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma abin ya fi yawa a birane. Waɗannan matan su ne iyayen yaran, kuma tukunyarsu ɗaya. Daɗin daɗawa, ƙasashen da suke kuka da wannan matsala a yau su ma daga ƙananan alƙaluma suka faro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990 kashi 8 cikin 100 ne na masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce ƙima a duniya, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato yara da matasa sama da miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matsayin cuta. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, irin su Saudiyya da Kuwaiti, waɗanda kakanninsu suka rayu a kan dabino da nonon raƙumi da doguwar tafiya a sahara, suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin lura na farko shi ne, yaro ɗan shekara biyar ba ya zuwa kasuwa, ba ya ba da kuɗin cefane, ba shi ke yanke lokacin kashe talabijin ba, ba shi ke sayen wayar da ake miƙa masa ba. Duk abin da ya shiga cikinsa wani babba ne ya kawo shi gidan. Saboda haka in aka ga yaro ya yi teɓa, gidan ya kamata a duba kafin a dubi yaron.

Uzurin da aka fi bayarwa shi ne, "Ai gado ne, haka danginsu suke." Alal hakika akwai gaskiya a ciki. A shekarar 1986 wani likita Ba'amurke mai suna Albert Stunkard ya fitar da sakamakon bincike a kan mutum 540 a ƙasar Denmak, waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana, ya gano cewa da suka girma jikinsu ya fi bin na iyayen da suka haife su a kan na waɗanda suka riƙe su. A 1997 kuma wani binciken da Robert Whitaker ya jagoranta a Amurka ya nuna cewa yaron da bai kai shekara goma ba, in ɗaya daga cikin iyayensa mai ƙiba ne, haɗarin ya zama mai ƙiba idan ya girma yana ninkawa fiye da sau biyu. Wannan duk haka yake. To amma jinin mutane bai canja ba tsakanin 1990 da 2022, abin da ke cikin kwanonsu ne ya canja. Akwai wata ƙabila ta mutanen asalin nahiyar Amurka da ake kira Pima, wadda iyaka ta raba biyu. Wasu suna jihar Arizona ta Amurka, suna cin abincin kanti suna yawo a mota, wasu kuma suna kan duwatsun Sonora a ƙasar Meziko, suna noman masara da wake da hannunsu. Jini ɗaya ne. Sakamakon binciken da aka buga a 2006 ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na manyan Pima na Arizona suna da ciwon suga, na Meziko kuwa kusan kashi 7 ne, kuma ƙiba ma haka ta rabu a tsakaninsu. Wato gado yana sa wani yaron ya fi wani saurin yin ƙiba, shi ya sa gidan da aka san akwai wannan gadon shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan, ba shi ya kamata ya fi kowa sakin jiki ba.

A shekarar 2010 wata malama a Jami'ar Jihar Ohio, Sarah Anderson, tare da shi wannan Whitaker ɗin, sun duba yara 'yan shekara huɗu fiye da 8,000 a Amurka. Abubuwa uku kawai suka tambaya game da gidajensu: shin ana cin abincin dare tare da iyali fiye da sau biyar a mako? Shin yaron yana samun barcin awa goma da rabi? Shin kallonsa bai wuce awa biyu a rana ba? Gidajen da suka cika ukun nan, kashi 14 cikin 100 na yaransu ne masu ƙiba. Gidajen da ba su da ko ɗaya, kusan kashi 25 ne. Ɗan uwa ya lura, babu ɗaya daga cikin ukun nan da ake saye da kuɗi.

Sai a ɗauko su a auna da gidajen Hausawa na birni a yau. A da yaran gida a kwano ɗaya suke ci, a tsakar gida, a gaban babba, kuma akwai lokacin ci. In an gama an gama, sai kuma gobe. Yau a gidaje da yawa kowane yaro da farantinsa a gaban talabijin, hannu yana kai loma ido yana kan katun, bai san sanda ya ƙoshi ba har sai farantin ya ƙare. Tsakanin abinci da abinci kuma baki ba ya hutawa. Maigida kuwa, kamar yadda aka sani, sau da yawa shi kaɗai yake cin nasa a ɗakinsa, ko a waje wajen ciyayya da abokai, ko kuma yana majalisa har goma na dare. Akwai uban da zai iya faɗin sunayen 'yan wasan Real Madrid kaf, amma in aka tambaye shi me ɗansa ya ci jiya da daddare, sai ya ce a tambayi uwarsa. Shi ne kuma zai fara ɗora wa uwar laifi ranar da likita ya yi magana.

Batun barci ma ba ƙarami ba ne. Masana sun tabbatar cewa ƙarancin barci yana dagula sinadaran da ke sanar da jiki yunwa da ƙoshi, sai mutum ya wayi gari yana kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ga kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, kallonsa kada ya wuce awa ɗaya, wanda bai kai shekara biyu ba kuwa kada a ajiye shi gaban talabijin ko waya sam. Amma nawa ne gidajen da in an kawo wuta ƙarfe tara na dare kowa da kowa har da na goye ake zama kallo sai sha biyu, don kada a yi asarar wutar? Nawa ne jariran da ake rufe musu baki da waya in sun fara kuka?

Sai zancen da ya fi shafar matashi kai tsaye, wato tsaraba. Mai karatu wataƙila bai yi aure ba tukuna, amma yaya ne a gidansu, kawu ne ko baffa a gidan 'yar uwarsa ko ɗan uwansa. Shi ne in ya samu ɗan canji yake tsayawa a shago ya sayo lemon roba da alawa da cakulan, yara su taho da gudu suna "oyoyo Yaya", shi kuma ransa ya yi fari. Niyyar mai kyau ce. To amma a yi lissafi. Robar lemo mai gas irin ta kola mai santilita 50 tana ɗauke da suga wajen giram 50, kwatankwacin ƙwayar suga tara zuwa goma irin wadda ake jefawa a shayi. Da za a ce wa wannan matashin ya zauna ya ƙirga ƙwaya goma ya ɗura wa ƙaninsa ɗan shekara huɗu a baki, da ya ce ba shi da hankali ne? Amma in an narkar da su a ruwa an sa kala an rufe da murfi, sai ya miƙa da fara'a. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in son samu ne ma ya gaza kashi 5, wanda ga babban mutum bai wuce cokalin shayi shida ba. Roba ɗaya ta ninka wannan. Wani abin kuma, ruwan zaƙi ba ya ƙosarwa kamar tuwo, yaro zai shanye ya kuma ci abincinsa daidai yadda ya saba. Lemon kwali da ake zana wa hoton 'ya'yan itace a jiki, da yogot mai zaƙi, da shayin safe da ake zuba wa madarar gwangwani da suga cokali uku, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Har zoɓo da kunun aya na gida ba su tsira ba in aka cika musu suga.

Tsarabar da kuwa me ce? Goruba ce, da aduwa, da magarya, da kanya, da ɗinya, da yalo, da gwaiba, da gyaɗa. Yawancinsu sai yaro ya yi aiki da haƙori kafin ya samu ɗan zaƙin, kuma suna da hartsa mai cika ciki. Yau an wayi gari wasu na ganin kai wa yaro goruba ƙauyanci ne.

Daga nan sai mata na gida, kuma a nan akwai bukatar adalci. Matar aure ƙarama tana cikin matsi da namiji bai cika gani ba. In ta kai ɗanta gidan surukai, abin da za a fara dubawa kumatunsa ne. In siriri ne, uwar miji ta ce, "Wai ba kya ba shi abinci ne?" In akwai abokiyar zama mai ɗa ɓulɓul, abin ya zama gasa, kowacce tana so a ce nata ya fi samun kulawa. Sai a shiga ɗura: a bi yaro da cokali ɗaki-ɗaki, a yi masa barazana da dodo, a yi masa alkawarin alawa in ya cinye. Da haka ake kashe masa ma'aunin ƙoshin da aka halicce shi da shi, ya koyi cewa ba a daina ci sai kwano ya ƙare. Kaka kuma nata salon daban ne. Ta ga yunwa da idonta, wataƙila ta binne 'ya'ya saboda rama da gudawa, don haka a wurinta yaro mai ƙiba shi ne wanda zai rayu. Ba za a ga laifinta ba. Ba kuma a ƙasar Hausa kaɗai ba ne: binciken da aka yi a kudancin ƙasar Sin, aka buga a 2015, ya gano cewa yaran da kakanni ke raino sun fi yin nauyin da ya wuce ƙima, kuma dalilin bai wuce wannan tunanin na wanda ya taɓa ɗanɗana fari ba. Amma wa zai iya yi wa kaka magana cikin ladabi ta saurara? Ba suruka ba. Ɗanta ne ko jikanta namiji, in ya san abin da zai faɗa.

Mafi muni a wannan babin shi ne magani. A shagunan sayar da magani na unguwanni ana sayar wa iyaye ruwan maganin buɗe ciki su ba yara ba tare da takardar likita ba, wasu ma har da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke sha don su yi jiki. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin deksametason ko danginsa, magani ne mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. In aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya raunana garkuwar jiki da ƙashi, ya tsayar da tsawon yaro, ya buɗe ƙofar ciwon suga da hawan jini. Kumburi ne ake gani a ce lafiya ce. Allah Ya sauwaƙe.

Kada kuma talaka ya ɗauka wannan ciwon masu kuɗi ne kawai. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, an yi mummunar yunwa a yammacin ƙasar Holan. Shekaru bayan nan aka duba bayanan samari kusan 300,000 da aka auna don aikin soja, sakamakon ya fito a 1976, aka ga waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon cikinsu sun fi sauran yin ƙiba. Wato jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yana koyon ɓoye duk abin da ya samu. Yaron da aka haifa ƙarami, uwarsa ba ta ci ta ƙoshi ba sanda take da cikinsa, in ya taso a birni a kan fanke da cincin da indomi da ruwan zaƙi mai araha, yana iya zama gajere kuma mai teɓa a lokaci guda, jikin ya cika amma babu sinadaran gina shi. A gida ɗaya ana iya samun uwa mai ƙiba da ɗa mai tamowa. Saboda haka matashin da ke shirin aure ya sani, kula da nauyin ɗansa yana farawa ne daga abin da matarsa ke ci tana da ciki, da barinta ta je awo inda za a gwada mata suga da jini, da kuma ba ta goyon baya ta shayar da nono zalla wata shida ta ci gaba har shekara biyu, abin da binciken 2018 ya nuna bai kai kashi 30 cikin 100 na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun zallan ba. Yaran da aka shayar sosai sun fi tsira daga ƙiba a gaba.

Dandali kuma ya tafi. Filayen unguwa an yanka su an yi shaguna, tsoron masu satar yara ya sa an kulle ƙofa, kuma wannan tsoron ba na banza ba ne. Langa da 'yar ɓuya da kokawa da carafke sun koma labari a unguwanni da yawa. Yaro yana zaune a boko daga safe zuwa azahar, yana zaune a Islamiyya zuwa yamma, yana zaune gaban malamin lesin, sannan ya zauna gaban talabijin. Babu mai cewa a rage karatu. Amma masana lafiya sun ce mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki mai sa gumi kowace rana, kuma in uba yana kasuwa, uwa tana cikin gida, wanda zai iya riƙe hannun yaro ya kai shi fili ya tsaya a kansa ya dawo da shi lafiya shi ne yayansa. Shi da yake zuwa ƙwallo kullum da la'asar, me zai rage masa in ya tafi da ƙaninsa?

Abin da ke jiran yaron in aka yi sake ba ɓoyayye ba ne. Nazarin da aka tattara a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu ƙiba a shekarun balaga suna shiga girma da ita. Ciwon suga nau'i na biyu, wanda a da ake ɗauka na dattawa ne, yanzu likitoci suna ganinsa a jikin 'yan sakandare. Ga hawan jini, ga kitse a hanta, ga minshari mai tsayar da numfashi cikin barci, ga ciwon gwiwa. Duk wanda ke da mai ciwon suga a gidansu ya san abin da allurar insulin da wankin ƙoda ke yi wa aljihun dangi gaba ɗaya.

Gwamnatoci sun gwada nasu. Meziko ta sa wa lemon zaƙi haraji a 2014, Chile ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan zaƙi da maiƙo a 2016 ta kuma hana amfani da hotunan katun wajen tallata su ga yara, Saudiyya ta sa harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemo mai gas a 2017, Nijeriya kuma a dokar kuɗi ta 2021 ta sa Naira 10 a kan kowace lita. Kamfanonin kuwa sun san aikinsu, sun san cewa in suka kama harshen yaro sun samu mai saye na shekara hamsin, shi ya sa suke ƙera 'yan ƙananan ledoji daidai kuɗin tara. Amma babu jami'in harajin da zai shiga madafin gidan wani.

In kuma ƙibar ta riga ta samu, akwai kuskure biyu da samari suka fi faɗawa. Na farko tsokana. A riƙa kiran yaro buhu, ko tulu, ko tumbi, ana dariya, wai don ya ji haushi ya rage ci. Abin da aka gani shi ne akasin haka: yaron da ake muzantawa yana janye jiki daga wasa don kada a yi masa dariya, ya koma ɗaki yana ci a ɓoye. Na biyu shi ne a ware shi, a ba shi ganye kowa yana cin soyayye a gabansa. Wani masani Ba'amurke, Leonard Epstein, ya bi yara masu ƙiba har shekara goma, ya buga sakamakon a 1990, ya nuna cewa waɗanda aka haɗa su da iyayensu a cikin shirin gyaran ci da motsa jiki sun fi waɗanda aka sa su su kaɗai samun sauƙi mai ɗorewa. In za a daina ajiye lemo a firji, a daina don kowa, har da maigida. In za a dawo da wake da zogale da dambu da tuwon dawa, a dawo da su kwanon kowa. Yaro ƙarami kuma ba a sa shi azumin dole ko a hana shi abinci. Galibi abin da likitoci ke nema shi ne nauyin ya tsaya wuri ɗaya yayin da tsawo ke ƙaruwa, har jikin ya daidaita.

Ido kaɗai ba ya tantance wannan, don idon da ya saba ganin ramammun yara zai ɗauki mai ƙiba a matsayin lafiyayye, ya ɗauki lafiyayye a matsayin ramamme. Katin nan da ake bayarwa a asibiti wajen rigakafi yana da zanen layuka na nauyin yaro gwargwadon watanninsa. Yawancin iyaye layin ƙasa kawai suke tsoro, ba su san ana duba na sama ba, kuma da an gama allurai sai a jefa katin ƙarƙashin katifa. Ana iya ɗauko shi, a kai yaron asibitin unguwa, a roƙi ma'aikaciyar ta auna nauyinsa da tsawonsa duka biyun, ta faɗi inda ya tsaya.